Amsa kan maganar yanko RAM a mayar da shi disk don gem ya yi gudu

Tambayar ɗan'uwanmu ita ce: yana da laftof na hannu, RAM giga 16, disk ɗinsa HDD ne mai tera 1, yana buga GTA V da PES 2021, lodin yana cin ransa, sai ya ga wani bidiyo ana cewa idan ka yanki wani ɓangare na RAM ka mayar da shi disk ka zuba gem ɗin a ciki zai riƙa buɗewa kamar walƙiya har FPS, wato yawan hotunan da gem ke nunawa a sakan, ma ya ƙaru. Shin gaskiya ne, kuma yaya ake yi?

To malam, abun akwai shi, ba ƙarya bane, sunansa RAM disk kuma ya girmi mafi yawan masu yin bidiyon nan. Amma a irin kwamfutarka da irin gem ɗin da ka lissafa bazai maka abun da kake nema ba, wani wajen ma sai ya ƙara lalata maka lamari. Ciwon da kake fama da shi HDD ne, wato tsohon disk mai faranti, maganinsa SSD, sabon disk wanda babu abun da ke juyawa a cikinsa, kuma ɗan amfanin da RAM disk zai baka Windows ta riga tana yi maka shi kyauta ba tare da ta sanar da kai ba. Bari in warware maka dalilin, don in ka gane dalilin ba mai sake ruɗarka da hoton gwajin gudu.

Shi RAM disk wani ɗan direba ne, wato ƙaramar manhaja, da kake sakawa, sai ya kama giga kaza daga cikin RAM, ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, ya hana kowa taɓawa, ya nuna wa Windows shi a matsayin disk, ka buɗe This PC ka ga sabon harafi kamar R: ya fito, kana iya kwafin fayil ciki kamar filas. Tun zamanin DOS ake yi, IBM ta sa VDISK.SYS a PC DOS 3.0 a 1984, Microsoft ta biyo da RAMDRIVE.SYS a 1986, lokacin da mutane ke aiki da faifan fulofi wanda in yana karatu har ƙararsa kake ji. A 2005 Gigabyte ta fito da wani kati mai suna i-RAM, ka soka masa sandunan RAM har giga 4, yana da ɗan batirinsa don kar ya manta abun da ke ciki. A 2012 AMD ta haɗa kai da Dataram suka saki Radeon RAMDisk suna tallata shi wa masu gem, kyauta har giga 4. Lura da shekarun nan. Duk lokaci ne da SSD ko babu shi ko kuma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, yawancin gem kuma basu kai girman na yanzu ba. Da yawan shawarwarin da ke yawo yanzu ragowar wancan zamanin ne ake sake dumamawa.

Lambobin da ke ruɗar mutane ga su. HDD na laftof mai juyi 5400 a minti yana karanta wajen mega 100 a sakan in fayil ɗin a jere yake. SSD na SATA yana tsayawa wajen mega 550 saboda iyakar wayar kenan. NVMe, wani nau'in SSD da ya fi na SATA gudu, na PCIe 3.0 yana kai mega 3,500, na 4.0 wajen 7,000. RAM kuma, sanda ɗaya ta DDR4-3200 a takarda giga 25.6 take bayarwa a sakan, in biyu ne suna aiki tare ya ninka. RAM disk baya samun wannan duka saboda sai an bi ta direba da tsarin fayil, amma duk da haka in ka gwada shi da CrystalDiskMark, manhajar auna gudun disk, zaka ga lambar da zata sa ka buɗe baki. Mai bidiyo wannan hoton yake nuna maka, kai kuma sai lissafi ya zo maka cewa in abu ya fi disk ɗina gudu sau 50 ai lodin na minti biyu zai koma sakan biyu. A nan lissafin ya karye.

Na farko, abun da ke kashe HDD ba ma wancan mega 100 ɗin bane, neman wajen da fayil yake ne. A ciki faranti ne ke juyawa da wani ɗan hannu mai allura da sai ya matsa ya je kan layin, sannan ya jira farantin ya juyo da wajen. Mai 5400 yana juyi 90 a sakan, kenan juyi ɗaya kaɗai ya ci milisakan 11, in ka haɗa da tafiyar hannun kowane nema yana cin milisakan 10 zuwa sama. Yanzu ɗauki misali, a ce gem yana buƙatar gutsattsarin bayanai 5,000 a warwatse kafin ya buɗe maka fili. A HDD, 5,000 sau milisakan 10 sakan 50 kenan an ɓata a nema kawai. A SSD kowane nema wajen kashi ɗaya cikin goma na milisakan ne, 5,000 ɗin nan rabin sakan. A RAM kusan sifili. Kaga daga HDD zuwa SSD ka ceto sakan 49 da rabi, daga SSD zuwa RAM disk kuma duk abun da ya rage a ceto rabin sakan ne. Babbar ribar tana matakin farko, mataki na biyu ƙura ce kawai, shiyasa ma mutanen da suka tashi daga SATA SSD zuwa NVMe mai tsada suke dawowa suna ƙorafin basu ga wani bambanci a gem ba sai sakan ɗaya ko biyu.

Na biyu kuma shi ne wanda mutane basu cika sani ba, lodin ba karatu daga disk bane kawai. Fayilolin gem a matse suke, a dunƙule cikin manyan jakunkuna, a GTA V sune .rpf ɗin nan, x64a.rpf, x64b.rpf har zuwa ƙasa, a PES kuma .cpk da ke cikin foldar Data. Bayan an karanto su furosesa sai ta warware matsin, ta jera komai a inda ya dace, ta tura hotunan jikin gini da fuskokin 'yan wasa zuwa katin girafik, ta haɗa shedoji wato ƙananan umarnin da katin ke bi wajen zana haske da inuwa, ta tayar da injin wasan, in na onlayin ne kuma a jira saba ta amsa. Ka duba mai shayi da ka ce ya dafa maka indomi da ƙwai. In katan ɗin yana can shago a bayan layi, duk oda sai yaro ya ruga ya ɗauko, to matso da katan ɗin gindin tebur zai rage maka jira sosai. Amma daga gindin tebur ka ɗora masa a cinya bazai sa ruwa ya tafasa da wuri ba, risho ɗaya ne, kasko ɗaya ne, hannu biyu ne. Furosesarka ita ce rishon.

Akwai labarin da ya nuna wannan ƙarara kuma a kan gem ɗinka ne ma. Shekaru mutane suna kukan GTA Online yana cin minti biyar, shida kafin ya buɗe, masu kuɗi sun sayi NVMe, wasu sun gwada RAM disk, ba abun da ya canza. A farkon 2021 wani mai rubuta manhaja da ke amfani da sunan t0st ya zauna ya bi diddigin abun, sai ya gano disk ɗin ma zaune yake ba ya komai a mafi yawan lokacin, ƙwaya ɗaya ta furosesa ce ke ta fama da wani fayil na JSON mai mega 10 kacal, jerin kayan da ake saya a wasan guda 63,000 da wani abu. Yanda aka rubuta lambar, duk lokacin da zata karanta abu ɗaya sai ta sake ƙirga tsawon ragowar fayil ɗin gaba ɗaya, sannan ta sake gwada shi da duk waɗanda suka gabata ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara wajen guda biyu, lodin ɗinsa ya sauko daga wajen minti 6 zuwa ƙasa da minti 2, kusan kashi 70 cikin 100. Rockstar, kamfanin da ya yi GTA, ta amsa cewa gaskiyarsa ne, ta saka gyaran a afdet na watan Maris 2021, ta bashi dala 10,000. Fayil mai mega 10 fa, wanda ko tsohon HDD ɗinka zai karanto shi kafin ka ƙifta ido. Da ka zuba duk GTA a RAM a wancan lokacin, minti shidan nan dai zaka zauna.

Sai maganar da na ce Windows tana yi maka kyauta. Duk fayil ɗin da aka karanto daga disk, Windows bata zubar da shi daga RAM in an gama da shi, tana ajiye shi a gefe ko za a sake nema, sai dai in wani shiri ya buƙaci wajen sannan ta saki. Buɗe Task Manager, shiga Performance, danna Memory, duba ƙasa zaka ga Cached, wani lokaci giga 5, wani lokaci 8. Wannan RAM disk ne mai hankali, wanda ya san abun da ake yawan nema, kuma yake matsawa da kansa in gem na son wuri, saɓanin wanda zaka ƙirƙira da hannu wanda in ya kama giga 6 ya kama kenan ko kwamfutar na shaƙewa. Akwai kuma SysMain, wanda da ake kira Superfetch tun Windows Vista, shi har ƙoƙarin ɗauko abun da ka saba buɗewa yake tun kafin ka nema. Linux ma haka take yi, duk RAM ɗin da ba a amfani da shi tana cika shi da irin wannan ajiyar, wato kesh.

Wannan ya baka hanyar gwaji ba tare da ka sauke komai ba. Yi wa kwamfutar ristat, buɗe PES, shiga wasa ɗaya, riƙe agogon waya ka auna daga dannawa zuwa fitowar fili. Fita gaba ɗaya, sake buɗewa, zaɓi ƙungiyoyin nan da filin nan dai, sake aunawa. Karo na biyun nan yawancin fayilolin daga RAM suka fito, don haka lokacin da ka gani shi ne kusan iyakar abun da RAM disk zai iya baka, ba zai wuce haka da wani abun kirki ba. Sannan yayin lodin na farko ka leƙa Task Manager ka kalli Disk, in Active time ya manne a 100% to disk ne ke riƙe ka, in kuwa yana ƙasa yana ɗan tsalle-tsalle amma furosesa na aiki to ko me ka yi wa disk a banza. A laftof mai HDD na tabbata 100% ɗin zaka gani, kuma wannan hujjar sayen SSD ce ba ta RAM disk ba.

Yanzu mu yi lissafin giga 16 ɗinka. Windows 10 ko 11 da 'yan tarkacen da ke tashi da ita sun ci 3 zuwa 4. GTA V da kansa yana son 8 in ana so ya sake. In laftof ɗin baya da katin girafik nasa na daban, irin masu Intel HD ko UHD ɗin nan da suka cika kasuwa, to girafik ɗin ma daga RAM ɗin nan yake ɗiba, Windows tana bashi dama har zuwa rabi. Abun da ya rage maka giga 3 ko 4 ne in an yi sa'a. GTA V kuma yana neman giga 100, PES 2021 wajen 40. Ina zaka zuba su? Sai dai ka zaɓi fayil ɗaya ko biyu, kuma baka san ko sune ake karantawa a wajen da kake ba. Ƙari a kan haka, fayil ɗin da ke RAM disk in gem zai yi amfani da shi sai ya sake kwafo shi zuwa nasa ɓangaren na RAM, abu ɗaya ya zauna waje biyu kenan. In kuma ka matsa ka yanki giga 8, RAM ya ƙare wa gem ɗin, Windows zata fara kwashe abubuwa tana zubawa a pagefile, fayil ɗin da take kai kaya in RAM ya cika, wanda yake kan wane disk? Kan HDD ɗin da kake gudu. A nan ne zaka ga mota na tafiya a Los Santos ta tsaya cak na sakan biyu ta ci gaba, ga fitilar disk ta kama wuta ba ƙiftawa. Ka je neman sauri ka dawo da abun da ya fi na da muni.

Ga kuma abun da masu bidiyo basa haɗawa a lissafi: RAM baya riƙe komai in babu wuta. Duk kunnawa sai ka sake cika shi daga HDD ɗin nan dai. Giga 8 a gudun mega 100 sakan 80 ne, giga 30 minti biyar. Kenan ka biya sakan 80 a farko don ka ceto sakan 15 a lodin, sai ka yi lodin sau shida kafin ka mayar da uwar kuɗi. Manhajojin suna da zaɓin su adana hoton disk ɗin lokacin kashewa su dawo da shi lokacin kunnawa, amma wannan kawai ya mayar da jiran zuwa wajen kunnawa da kashewa ne, bai kore shi ba.

Mu kuma nan muna da ƙarin matsalar da wanda ya yi bidiyon a Jamus ko Amurka bai san da ita ba, wato NEPA. Mai destof ba UPS, ana ɗauke wuta komai na cikin R: ya tafi, ko wajen sauyawa daga NEPA zuwa janareta ma ya isa. Laftof na hannu kuma da yawa batirin suna ne kawai, ana zare caja ya mutu. In kwafi ka yi asarar lokaci ce kawai, amma in matsar da fayilolin ka yi gaba ɗaya, ko ka yi instolin kai tsaye a ciki, to Steam ko lancar Rockstar zata duba ta ga babu su ta fara sauke su daga farko, giga goma, giga ashirin, a kan datar da ka saya da gumi. Haka in afdet ya sauka alhali gem ɗin na RAM, ya rubuta sabbin fayiloli a can, ka kashe, sun tafi, gobe a sake saukewa.

Maganar FPS kuwa a cire ta kawai. FPS aikin katin girafik ne da furosesa, su ke zana hoto sau 30 ko 60 a sakan daga abun da ya riga ya shigo RAM da ƙwaƙwalwar katin, disk baya cikin wannan zagayen. Inda gaskiya ɗan kaɗan take shi ne gem masu faɗin duniya irin GTA da ke ɗauko gari a hankali yayin da kake tafiya, in disk ya gaza zaka ga titi ya ɓace, gini ya fito ba fenti, ko ɗan tsayawa na ƙiftawar ido. Disk mai sauri yana gyara wannan, sai mutum ya ji wasan ya yi santsi ya ce FPS ya ƙaru, alhali matsakaicin lambar na nan inda take. SSD mafi arha ma yana gyara shi. Lag na onlayin kuma, ka danna fas sai bayan rabin sakan ɗan wasa ya buga, wannan netwok ne, tsakaninka da kamfanin layinka.

Ba wai bashi da amfani sam ba. Wanda ke da RAM giga 32 ko 64 kuma yake buga tsofaffin gem ƙanana zai iya jin daɗinsa, GTA San Andreas duka bai kai giga 5 ba, babban fayil ɗinsa gta3.img da ke foldar models bai cika giga 1 ba, PES 2013 ko 2017 wajen giga 8. Masu yin mod da faci, waɗanda ke warware .cpk su canza riguna da fuskoki su sake ɗaurewa sau da yawa a rana, dubban ƙananan fayiloli ne ake rubutawa ana gogewa, RAM disk wajen aiki ne mai kyau gare su. Masu riƙe sabar Minecraft a Linux sun daɗe suna ɗora duniyar wasan a tmpfs, wato RAM disk ɗin Linux, su sa wani ɗan umarni yana kwafe ta zuwa disk duk bayan 'yan mintuna. Masu ɗaukar bidiyon wasa da Instant Replay na Nvidia, wanda ke rubutu a disk ba tsayawa ko ba ka adana komai ba, wasu suna mayar da foldar wucin gadinsa kan RAM. Zamanin Windows mai bit 32 kuma, da bata iya ganin fiye da giga 3 da ɗoriya, wasu RAM disk suna iya kama ragowar da ke zaune a banza, wannan riba ce tsantsa, amma zamanin ya wuce. Sai manyan gidajen gem irin na Chaina da kwamfutoci da yawa ke karantar gem daga saba guda ta waya, da manhaja irin CCBoot, a can zuba wa sabar RAM mai yawa ya zama kesh yana da ma'ana tunda fayil ɗaya mutum talatin ke nema.

In dai kana so ka gwada don idonka ya gani, ba laifi, ga yanda ake yi ba tare da ka yi asara ba. Sauke ImDisk Toolkit, kyauta ne. Buɗe RamDisk Configuration, sa girman da bai wuce giga 3 ko 4 ba a naka, zaɓi harafi, bar shi a NTFS, in ka ga Allocate Memory Dynamically ka danna don ya riƙa cin RAM gwargwadon abun da ka zuba kawai. Zaɓi ƙaramin gem, kwafi foldarsa zuwa R:, kwafi na ce ba yanka ba. In gem ɗin na buɗewa daga ko'ina shikenan, buɗe shi daga can. In kuwa dole sai a wajensa na asali, sai ka canza wa foldar asalin suna, misali data ta koma data_asali, ka buɗe cmd ka rubuta

mklink /J "D:\Games\Wasa\data" "R:\data"

wannan zai sa duk wanda ya nemi foldar a D: a kai shi R: bai sani ba. In ka gama ka goge mahaɗin ka mayar wa foldar sunanta. Kafin komai ka tabbatar inda gem ɗin ke ajiye sebin ɗinka. GTA V yana sawa a Documents cikin Rockstar Games, PES a Documents cikin KONAMI, waɗannan lafiya lau tunda basa kan RAM, amma wasu tsofaffin gem a cikin foldarsu suke ajiyewa, ka buga awa huɗu ka kashe, washegari ka tarar da kanka a farkon wasa.

Wanda ya fi wannan hankali shi ne manhajar kesh irin PrimoCache, ta kuɗi ce amma tana da lokacin gwaji, ita ba sai ka kwafi komai ba, tana lura da gutsattsarin da ake yawan karantawa ta riƙe su. Amma ka kiyayi zaɓin Defer-Write, wanda ke riƙe abun da aka rubuta a RAM ya jinkirta kai shi disk, a ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama wannan hanyar lalata Windows ce gaba ɗaya ba gem kaɗai ba. RAPID Mode na Samsung Magician da Momentum Cache na Crucial duk dangin abu ɗaya ne, suna kumbura lambar gwaji sosai, a wasa kuma da ƙyar ka ji bambanci.

Abubuwa biyu da ake cakuɗawa da wannan. Memory Fusion na Tecno, MemFusion na Infinix da ire-irensu da ake rubuta 8+8 a kwali, wannan kishiyar abun da muke magana ne, ma'ajiyar waya ake ara a yi kamar RAM, mai jinkiri ke kwaikwayon mai sauri, yana taimakawa manhajoji su daɗe a buɗe a baya amma ba zai ƙara wa gem gudu ba. Sai masu cewa ka ɗora pagefile a kan RAM disk. Pagefile wajen da ake kai kaya ne in RAM ya cika, ka rage RAM don ka samar da wajen da za a kai kaya in RAM ya cika, ka ji wannan magana? Kar ka yi.

Su kansu masu ƙera na'urorin da suka tashi magance lodin ba ta wannan hanyar suka bi ba. PS5 da ta fito a Nuwamba 2020 RAM ɗinta giga 16 ne kamar naka, abun da Sony ta yi shi ne SSD mai giga 5.5 a sakan da wani guntu na musamman wanda aikinsa kawai warware matsi, don a sauke wa furosesa wannan nauyin. A PC kuma Microsoft ta kawo DirectStorage a 2022, daga baya ta ƙara masa damar katin girafik ya riƙa warware matsin da kansa, gem ɗin Ratchet & Clank: Rift Apart na PC a 2023 yana cikin na farkon da suka yi amfani da hakan. Sun san inda cunkoson yake. Sababbin gem kuma irin Starfield sun fara rubuta SSD a cikin sharuɗɗan dole, da girman giga 125, wanda da wuya ka samu kwamfutar gida mai RAM ɗin da zai ɗauke shi.

Don haka kuɗin da hankalinka ka kai su wajen SSD. Juya laftof ɗin ka nemi lambar samfurinsa ka bincika ko yana da ramin M.2, wato wajen soka ƙaramin SSD mai kama da sanda, in yana da shi ka tabbatar NVMe yake karɓa ko SATA don kamanninsu kusan ɗaya ne amma ba kowane rami ke ɗaukar duka biyun ba. In akwai, sa SSD a nan ka bar HDD ɗin ya zama ma'ajiyar finafinai. In babu, sayi na inci 2.5 ka sa a gurbin HDD, shi kuma in laftof ɗin na da wajen DVD akwai ƙaramin akwatin da ake kira kadi da ake sa shi a ciki ya zauna a gurbin. Giga 512 zai ɗauki Windows da GTA V da PES har da saura, 256 zai matse ka. Windows ɗin ma ka mayar da ita kan SSD, kar ka bar ta a HDD ka sa gem kaɗai, rabin daɗin a nan yake. Kar tsoron wai gem na cinye SSD ya hana ka, rubutu ne ke tsufar da shi ba karatu ba, kuma Samsung 870 EVO mai giga 500 alal misali garantinsa ya kai rubutun tera 300.

In na hannu zaka saya ko wani suna da baka taɓa ji ba, kar ka bar shagon sai an buɗe maka CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi a kunne, in ka isa gida kuma ka bi shi da H2testw ya cika shi ya karanto, don akwai na jabu da ke nuna tera 1 alhali cikinsa bai kai haka ba. Sannan ka koma Task Manager wajen Memory ka duba Slots used. In 1 of 2 ka gani, giga 16 ɗinka sanda ɗaya ce, kuma in girafik ɗinka na Intel ne ko AMD na cikin furosesa, mayar da shi sanda biyu masu girma ɗaya, 8 da 8, zai buɗe masa hanya biyu maimakon ɗaya, wannan kam yana ƙara FPS na gaske a PES da GTA. In 2 of 2 ne to ka riga ka samu, bar RAM ɗin yanda yake ka sa SSD kawai.